Wa Ya Gaya Maka, Kuma Don Me Ka Ce Amin?

Zauna, Malam Mai Musu, gyara zaman hularka. Tun ban buɗe baki ba na ga ka taɓe naka, ka ɗage gira ɗaya, kana jiran in yi tuntuɓe ka ce ai dama. To, bari in miƙa maka abin musun tun da wuri, kada ka wahala da lalube. Cewa nake: yawancin abubuwan da kake rantsuwa ba ka iyawa, ko sau ɗaya ba ka gwada su ba. Gaya maka aka yi. Wani ne ya dube ka wata rana ya shata maka iyaka, kai kuma ka ɗaga hannu ka ce amin, ka shafa, har yau kana faɗa da duk wanda ya zo ya ce maka ƙarya ne.

Ka ce me? Kai ba a juya ka da magana? Kai ɗin? Kai da aka rataya wa laya tun kana cikin zanen goyo don tsoron bakin mutane? Kai da in geronka ya yi kyau ba ka son maƙwabci ya tsaya bakin gona ya yaba, sai ka yi maza ka ce "ai bana sai a hankali", kana tofi a zuci? Saniya ta haihu, ka kai ɗan maraƙin bayan danga saboda kambun baka. Duk wannan fa tsoron yabo ne. Ka yarda yabon baƙo, sau ɗaya tak, yana iya ƙafar da nonon saniya. Amma ka tashi da safe ka ce wa ɗanka daƙiƙi, ka maimaita da azahar, ka rufe da ita bayan lisha, shekara da shekaru, sannan ka dube ni ido cikin ido ka ce wannan ba komai, magana ce kawai, iska ce. Haba, Malam! Ko dai baki yana yanka wuya, ko ba ya yi. Zaɓi ɗaya ka bar mini ɗayan.

Daga Arewa nake kawo maka wannan shari'a. A'a, ba Kaduna ba, juyo da kanka yamma. Ƙasar Arawa da Gubawa nake nufi, a jihar Doso ta Nijar: Dogon Dutsi, kimanin kilomita 270 gabas da Yamai a kan babbar hanyar da ta wuce Ƙonni, da Matankari, da Tibiri, da Dumega, da Gesheme, da Kore Mai Ruwa. In akwai yankin da ya sha baki a ƙasar Hausa, to shi ne. An ce ƙasar arna. An ce ƙasar tsafi, in za ka je sai ka sha rubutu. An ce ƙasar yunwa, ba ta da abin fitarwa sai ƴan ci-rani. Da kowace magana tana kamawa, da yanzu ko kaza ba ta rage a can ba. Ke nan wata tana kamawa, wata ba ta kamawa, kuma bambancin nan shi ne abin da nake son in ɗura maka a kunne, ko kana so ko ba ka so.

Biyo ni kasuwar Dutsi ranar Juma'a. Ga wata Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a inuwa, ta rufe da faifai, tana korar ƙuda da ludayi. Ga wani dattijo Ba'are ya tsaya a kanta, ya dogara sanda.

"Ke baiwata, zuba ma ubangijinki nono, rana ta yi."

"Wane ubangiji? Ba'aren da ko akuya bai iya kiwo ba? Kawo dala ashirin, bawan babana, in ba ka abin da za ka lasa."

"In ba da kuɗina in sayi ruwan tafki? Kin zaci ban ga inda kika tsaya da ƙwarya ba?"

"Ko ruwan ne ai ya fi ƙarfinka, kai da aka yaye da kunun dussa."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ya biya, ta ƙara masa ludayi guda gyara, ya sha ya goge gemu ya wuce. Lissafa abin da aka faɗa a nan: bawa, baiwa, mai algus, mayunwaci. Kowanne ya isa ya kai mutum gaban alƙali. Amma tsohon nan bai koma gida ya kwanta yana saƙe-saƙen ko da gaske shi bawa ne ba, ita ma ba ta fasa cin kasuwar mako mai zuwa ba. Arawa suna cewa kakansu daga Barno ya fito, kuma wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani shi suka gada. A 2014 hukumar UNESCO ta shigar da wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. Wato sai da aka buga hatimi a Faris sannan ka yarda tsiyar da kakanka ke yi wa Fulani ilimi ce. Riƙe wannan, za mu dawo kan halinka na jiran hatimi.

Me ya hana zagin kasuwa kamawa? Ba a karɓe shi ba. An jefo, an cafe, an mayar da wanda ya fi shi zafi. Mugun zaton mutane a kanka tamkar jabun takardar jika yake: ba ta sayen ko ashana sai ta sami wanda ya karɓe ta ya sa aljihu. Ka kuwa san halin wanda aka yi wa canji da jabu. Ba ya yaga ta. Lallaɓawa yake ya tura wa na gaba, na gaban nan kuwa sau da yawa ɗan cikinsa ne.

Wanda ke kamawa ba da zagi yake zuwa ba. Da tausayi yake zuwa, murya ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da ƙuli-ƙuli a hannu. Leƙa wani gida bayan magariba. Yarinya ƴar aji shida tana kwance rub da ciki a tabarma, ta maƙale tocila tsakanin wuya da kafaɗa, tana fama da lissafin rabawa, bakin biro duk ta tauna shi. Gwaggonta ta shigo, ta tsaya, ta girgiza kai.

"Wayyo ɗiyata, kina kashe idonki a banza. Mu gidan nan kanmu bai ɗaukar boko. Uwarki ta gwada, ni ma na gwada. Lakwal na ɗiyan ma'aikata ne. Tashi ki ci tuwo tun bai huce ba."

Ba wanda ya yi dariya. Ba a mayar wa gwaggo da magana, balle gwaggon da ta goya ka, balle ta faɗa don ƙauna, ita ma kuma haka tata gwaggon ta gaya mata. Yarinya ba ta ƙona littafi ba, kada ka zaci an yi wani abin kallo. Washegari dai ta koma benci na baya. Ta san amsa, amma hannu ya yi nauyi. Mushe, malamin aji, yana da yara fiye da yadda idonsa zai iya zagayewa, ya ga wadda ba ta ɗaga hannu, ya daina kiran sunanta. Wadda ba a tambaya ba ta tanadin amsa. Jarrabawa ta zo, ta faɗi. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Ba na faɗa ba?" Abin haushin kuma, ta faɗa ɗin. Wani masanin zaman jama'a ɗan Amurka, Robert Merton, ya yi rubutu a kan irin wannan a 1948: hasashen da asalinsa ƙarya ne, amma yarda da shi ta sa mutane suka yi abin da ya mayar da shi gaskiya. Gwaggo ba ta san Merton ba, amma ta fi shi iya aikin.

Ka ce ƙaddara ce, haka Allah ya rubuta mata? Sannu, mai leƙen Lauhul Mahfuzu! Yaushe aka ba ka aron shafin? Ƙaddara sai ta auku ake saninta. Wanda ya karanta wa yarinya tata tun tana aji shida ba tawakkali yake ba, duba yake, ka kuwa san hukuncin masu duba a bakin malamanka. Suratul Hujurati da kake ji a tafsirin azumi ita ce ta hana mugun zato, ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ba ta ce ban da ƴaƴan cikinka ba. Binciken lafiyar iyali na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su tun ba su cika 18 ba. Talauci na ciki, nisan makaranta na ciki, tsoron abin kunya na ciki, ba na musu. Amma a bayan ɗaurin aure da yawa akwai wani da ya riga ya yanke cewa karatun nan ba inda zai kai ta.

Ka ce to ai wasu da gaske kansu ba ya ja, ba laifin kowa ba? Madalla, ka kawo mu wurin ɓeraye. A wani bincike da aka buga a 1963, Robert Rosenthal da abokin aikinsa Kermit Fode, a Amurka, sun raba wa ɗalibansu ɓeraye don su koya musu bin wata hanya mai lungu-lungu zuwa abinci. Wasu ɗaliban aka ce musu, naku ɓerayen ƴan gidan basira ne. Wasu aka ce, ku yi haƙuri, naku daƙiƙai ne tun kaka da kakanni. Alhali duk irinsu ɗaya, haka kawai aka rarraba su. Da aka gama, "ƴan gidan basirar" suka fi koyo. To gaya mini, ɓera yana jin Turanci ne? Wa ya tsegunta masa? Hannu ne ya tsegunta masa. Wanda ya ɗauka nasa haziƙi ne yana kama shi a hankali, yana lura da shi, yana haƙuri da shi. Wanda aka ce wa nasa daƙiƙi ne, kamun kazar kuku yake masa. In zaton mutum yana ratsa fatar ɓera, ɗanka da ke jin Hausa sarai fa?

Rosenthal bai tsaya nan ba. Shi da Lenore Jacobson, shugabar wata firamare a Kaliforniya, suka yi wa yara gwajin ƙwaƙwalwa, sannan suka miƙa wa malamai sunayen kimanin kashi 20 cikin ɗari, suka ce waɗannan bana za su yi fice. Sunayen kuwa ƙuri'a ce ta fitar da su. Ƙarshen shekara yaran nan, musamman ƴan aji ɗaya da na biyu, suka fi sauran ƙaruwa. Littafinsu ya fito a 1968, aka yi ta ka-ce-na-ce a kansa, kuma na ga kana murmushi don ka ji an ce ka-ce-na-ce. Sauke murmushin. Waɗanda suka sake bin diddigin abin sun ce tasirin bai kai yadda aka zuzuta ba, wannan haka ne. Amma sun ƙara da cewa ya fi ƙarfi inda malami bai riga ya san yaron ba, kuma ya fi cizon yaran da dama ake raina gidansu. Wato daidai kan yaron ƙauyen da aka kawo kwaleji a Dutsi ranar farko, da silifa a ƙafa da baƙar leda maimakon jaka.

Ka ce waɗannan duk can ne, ƙasar sanyi? To sauko Gana. Ashantawa suna kiran yaro da sunan ranar da aka haife shi, yadda muke da Ɗanladi da Ɗantala da Ɗanjuma. Sun yi imani Kwadwo, ɗan Litinin, mai sanyin hali ne, Kwaku kuwa, ɗan Laraba, mafaɗaci. A 1954 Gustav Jahoda, wanda ke koyarwa a can tun ana ce wa ƙasar Gwalkwas, ya buga abin da ya gani a rajistar kotun yara: ƴan Litinin sun yi ƙaranci, ƴan Laraba sun yi yawa a laifin duka da ji wa mutane rauni. Laraba ce ke sa faɗa? Da haka ne, da kowane Balarabe na ƙasar Hausa yana gidan kaso. Namu Balaraben lafiya lau yake, wani ma shi ke jan sallah a unguwarku, don ba wanda ya tarbe shi tun ranar suna da cewa ga ɗan rigima ya iso.

Yanzu na gida, tunda na san shi kake jira ka ƙaryata. Farkon 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin kyaftin biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin Kwara ta nufi tafkin Cadi. Kafin ta iso, labarinta ya iso. An ƙone Sansane Hausa, an kashe mata da yara, an kwashe hatsi, an ɗaure mazaje ɗaukar kaya. Duk garin da labarin ya shiga, da hukuncinsa yake shiga: ba a ja da Nasara, harsashinsa ba ya ƙarewa, ku ba da kai ko ku gudu. Kada ka zargi wanda ya karɓi wannan hukunci, don shaidarsa hayaƙi ne da ake hangowa daga nesa.

Sai dai ƙasar nan dama tana da taurin kai a jini. Tun tsakiyar ƙarni na 19 Samna Karfe na Tibiri ya haɗa kai da Kabawa da Zabarmawa suka ƙi bin Gwandu. A Lugu kuma, cikin yankin Dan Kasari na yanzu, mace ce ke riƙe da gari: Sarauniya Mangu. Hukuncin ya iso mata kamar yadda ya iso wa kowa, ita dai ba ta ce amin ba. Ranar 16 ga Afrilu 1899 mutanenta suka tari rundunar da kwari da baka, suka ja cikin kurmi mai ƙaya suka ci gaba da harbi. Lissafin Faransawan da kansu ya ce sun ƙona harsashi 7,000, an kashe musu mutum huɗu, an jikkata shida.

Ka ce ai dai an ci garin, an sa masa wuta? An sa. Ban ce maka ta kori Faransa ba, ba tatsuniya nake maka ba. Rundunar ta wuce, a watan Mayu ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Amma mutanen Lugu sun fito daga kurmi sun koma garinsu, sarautar Sarauniya ta ɗore. Su kuma waɗanda aka ce ba a ja da su fa? Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, ɗan ƙasarsu da aka aiko ya tsayar da ɓarnar, a wajajen Tasawa. Cikin kwana uku da yin haka sojojinsu baƙar fata suka juya musu bindiga, Chanoine ya faɗi, Voulet ya bi shi. Kaburburansu na nan a Maijirgi. Mutanen Arewa suna cewa bakin Sarauniya ne ya bi su. Ni ba ruwana da wannan gardama, kai da ka yarda da kambun baka sai ka warware ta. Abin da na lura da shi kawai, waɗanda suka fi kowa haddace "ba a ja da Nasara", su da suka ɗauki bindigarsa wata da watanni, ranar da suka daina yarda abin bai kai kwana uku ba.

To, me muka yi da sunan matar nan bayan haka? A nan ne zan ja maka kunne da gaske. Da sallah ta game ƙasa, mutane da yawa suka tattara tsafi da tarihi suka zuba a shara guda. Barin tsafi wajibi ne ga mai sallah, ba ni da ja. Amma aka ce matsafiya ce, aka ce mayya ce, har ta kai ɗan yankin ya je birni a tambaye shi garinsu ya kama kame-kame. Sai da Abdullahi Mamani, ɗan gabashin Nijar, tsohon ɗan jam'iyyar Sawaba, ya rubuta littafi a kanta da Faransanci aka buga a Faris a 1980. Sai da Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986, a Burkina Faso ma aka ɗauke shi, ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Sannan muka gyara riga muka ce ai kakarmu ce! Yau ga gidan rediyo da talabijin da sunan Sarauniya a Yamai, ga lambar girma ta ƙasa da sunanta. Ka ga hatimin da na ce ka riƙe? An zage mu daga waje mun karɓa, an yabe mu daga waje mun karɓa. Ko tamu ta gida sai an kai ta ƙetare an dawo mana da ita a kwali muke yarda tana da daraja. Kuma a ƙasar da mace ta tsaya gaban harsashi 7,000, a nan ake gaya wa jikanyarta kanta ba ya ɗaukar lissafin rabawa.

Ka ce a bar tarihi, ga alƙaluma, Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ce Nijar ce ta ƙarshe? Ta ce. A rahotannin 2018 da 2019 da 2020 Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189 a ma'aunin ci gaban ɗan Adam. Ba ƙarya aka yi mata ba. Abu uku ake aunawa: tsawon rai, shekarun karatu, da kuɗin shiga, kuma duk ukun muna baya. Yunwar 1984 ba zato ba ce, ta 2005 ma haka. Duk wanda ya ce maka kyakkyawan zato kaɗai yana cika rumbu, riƙe aljihunka, ɗan damfara ne. Amma dubi yadda lambar take rikiɗa in ta shiga bakinka. Rahoto ya ce "kuna baya". Kai ka fassara "ba ma iyawa". Ma'aikaci ya zo ofis sha ɗaya, ka yi magana, ya ce ai nan Nijar ne. Famfon gari ya lalace, a zauna a inuwa ana jiran farar mota ta zo daga Yamai da tuta a goshi.

Ka haddace 189 kamar lambar wayarka. To karanto mini wannan in ji: tsakanin 1998 da 2009 mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane dubu, mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012. Da me aka yi? Da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye, da gidan sauro, da maganin yara kyauta tun 2006, da ma'aikatan jinya ƴan ƙasa da iyaye mata masu goyo da suka taka da ƙafa suka je. Shiru ka yi? Ba ka taɓa jin ta ba ko? Na san dalili, kuma ba zai yi maka daɗi ba. Labarin da ya ce ba ka iyawa yana da zaƙi, don sallamarka yake daga aiki. Wanda ya ce kana iyawa kuwa fartanya yake miƙo maka. Shi ya sa ka zaɓi wanda za ka haddace.

Ko itace bai tsira daga wannan ba. Tun dokar daji ta Turawan mulki ta 1935, har wadda ta gaje ta a 1974, zaton hukuma ɗaya ne: manomi maƙiyin itace ne, in aka sake masa zai mayar da ƙasa hamada. Aka ɗauke itatuwa daga hannunsa aka ba gwamnati, ko a tsakiyar gonarsa suka tsiro, ya sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Me mai hankali zai yi da abin da ba nasa ba, ga shi kuma yana jawo masa tara? Sai ya riƙa sassabe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama rigima. Ga shi nan ya zama maƙiyin itacen da aka ce. Har abin ya koma ado: manomin kirki shi ne mai gona fes, wanda ya bar kututture ana ce masa malalaci. A 1983, a Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura kututtukan nan da ransu, saiwarsu na nan, gyaran toho kawai suke bukata. Aka yi masa dariya, aka yi wa manoman farko da suka gwada. Da hannun hukuma ya sassauta, manomi ya ga itacen nasa ne, gyaran tohon nan, wato sassaben zamani, ya bazu daga gona zuwa gona. Da masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan Adam bayan shekara ashirin, suka tarar da wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Ba'are kuwa bai bukaci kowa ya koya masa gawo ba. Tun kakanni ya san shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, gero ya yi ƙiba a gindinsa, ƴaƴansa su ciyar da bisashe da rani. Sanin yana nan, an dai ce masa ba shi da shi ne.

In har yanzu musun bai sake ka ba, ga magani. Jira watan Janairu, ka shiga mota ka sauka Dutsi, ka gangara garaken bakin Tafkin Sau. Za ka tarar da dankalin turawa kore shar, da albasa da kabeji, a ƙasar da aka ce ba ta da sana'ar rani sai ci-rani, ga injin ban-ruwa yana ƙugi, ga buhuna ana tanadi don dillalan Yamai. Nemi mai garka, ka tsaya bakin fangali, ka gyara murya, ka bayyana masa dalla-dalla cewa ƙasar nan ba ta yin komai kuma mutanenta ba sa iyawa. Karanto masa 189 ɗinka. Sai dai ka tsaya nesa da bakin rijiya, kuma idonka ya kasance a kan hannun da ke riƙe da hauya.